Ferguson TE20: Yadda ake mayar da boris da baƙin mai cikin injin tsohuwar tarakta

A bukukuwan nunin amfanin gona na ƙauyukan Birtaniya da Ireland, da wuya a rasa wata ƙaramar tarakta mai launin toka tana jan garma. Ita ce Ferguson TE20, wadda kamfanin Standard ya riƙa haɗawa a masana'antarsa ta Banner Lane da ke birnin Coventry daga 1946 zuwa 1956. An ƙera fiye da guda 500,000. Sunanta ya fito daga Harry Ferguson, ɗan Ireland ta Arewa da ya ƙirƙiro hanyar ɗaura garma a bayan tarakta ta mahaɗa uku. Irinta guda uku ne suka kai Edmund Hillary da tawagarsa tsakiyar ƙuryar kudu ta duniya a watan Janairun 1958.

Taraktar da ta kai shekara saba'in, fenti ba ya nuna lafiyarta. Ana gane lafiyarta ne a allurar ma'aunin ƙarfin mai bayan inji ya yi zafi. Idan allurar ta faɗi, kuma aka ji bugu mai nauyi daga ƙasan inji, to boris ɗin kiranshaf sun cinye.

Boris marar ƙwallo

Boris ɗin cikin inji ya bambanta da na ƙafar keke mai ƙananan ƙwallaye. Ɓawo ne siriri mai siffar rabin zobe, bayansa ƙarfe, cikinsa an shimfiɗa masa ƙarfe mai laushi. Biyu-biyu suke haɗuwa su rungumi kiranshaf. Makanikai a Najeriya suna kiransa metal. Injin fetur na Standard mai silinda huɗu yana da manyan boris uku da ke riƙe kiranshaf, da wasu huɗu a gindin sandunan fistin.

Laushin nan da gangan aka yi shi. Ana so boris ya cinye kafin kiranshaf, domin shi ne mai arha, kuma ƙwayar yashi da ta shigo za ta nutse a cikinsa maimakon ta karce ƙarfe mai tsada. Gaurayen kuza da jan ƙarfe da antimoni da Ba'amurke Isaac Babbitt ya yi wa rajista a 1839 shi ne tushen wannan dabara. A tsofaffin taraktoci kamar Fordson ta 1917, narka shi ake yi a zuba, sannan a kankare da hannu har ya zauna, aikin da masu iya shi suka yi ƙaranci a yau. Mai gyaran Ferguson ya huta da wannan, nasa cirewa ake yi a sa sabo.

Abin da ke ba wa mutane mamaki shi ne, a inji mai lafiya kiranshaf ba ya taɓa boris yayin da yake juyawa. Yana iyo ne a kan shimfiɗar mai. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kusan milimita 0.05 ba, wato ba ta kai kaurin gashin kai ba. Ƙa'idar da makanikai suka daɗe suna riƙewa ita ce kusan 0.001 na inci ga kowane inci ɗaya na kaurin wuyan kiranshaf. Idan tazarar ta yi yawa, mai zai tsere ta gefe, ƙarfinsa ya faɗi. Idan ta yi kaɗan, mai ba zai samu wurin shiga ba, boris ya yi zafi ya narke, inji ya buga cikin 'yan mintuna.

Mayarwa

Aikin yana farawa da awo. Ana auna kowane wuya na kiranshaf a wurare da dama, domin shekaru na sa shi ya tashi daga da'ira ya koma kamar ƙwai. Idan ya cinye, sai a kai shi a wasa shi a rage 0.010 ko 0.020 ko 0.030 na inci, a sayi boris masu kauri daidai da abin da aka rage. Lambar tana buge a bayan tsohon boris, kuma ya kamata a karanta ta kafin a jefar da shi, don ta yiwu wani ya riga ya wasa kiranshaf ɗin tun shekarun 1960.

Sai wanki. Akwai ramuka da aka huda cikin kiranshaf da jikin inji waɗanda mai ke bi. Dattin shekaru da ɓurɓushin wasawa kan maƙale a ciki, kuma idan ba a bi su da siririn buroshi da iska mai ƙarfi ba, man farko zai kwaso su ya zuba a kan sabon boris. A nan ne mafi yawan gyare-gyaren gaggawa ke lalacewa.

Bayan boris a bushe yake zama, ba mai ba giris, domin ta nan zafi ke fita. Kowane ɓawo yana da ɗan kunne da ke shiga gurbinsa, kuma dole ramin mai na ɓawon ya dace da na jikin inji. Murafen da ke danne boris an wasa su ne tare da mazauninsu, saboda haka kowane murfi gidansa yake komawa, fuskarsa ta kalli inda take kallo a da.

Don tabbatar da tazara ana amfani da wani siririn zaren roba mai suna Plastigauge. A ɗora shi a kan busasshen wuya, a ɗaure murfi, a kwance ba tare da an juya kiranshaf ba, sannan a gwada faɗin da zaren ya baje da ma'aunin da ke jikin takardarsa. Idan ya yi daidai, a goge, a shafe fuskar boris da mai sosai, a ɗaure da sifana mai auna ƙarfin ɗauri bisa adadin da littafin kamfani ya bayar. Bayan kowane murfi a juya kiranshaf da hannu. Wanda ya sa shi ya cije, a wurinsa matsalar take. Ɗauri da ƙiyasin hannu, duk gwanintar mai hannun, caca ce.

Wane mai?

Masu tsofaffin taraktoci sun daɗe suna saɓani kan wannan. Baƙin man zamani yana ɗauke da sinadaran wanke datti. A injin da ba a taɓa buɗewa ba, wasu na tsoron ya tayar da tsohon laka ya toshe hanyoyi. A injin da aka wanke aka sake haɗawa, wannan tsoro ba shi da tushe mai ƙarfi. Samfurin TED20 mai aiki da man da ya yi kusa da kananzir shi ne mai buƙatar kulawa: da fetur ake tayar da shi, sai ya yi zafi a juya, in ba haka ba man da bai ƙone ba zai gangara ya tsinka baƙin mai.

Giya da famfon ɗaga garma kuwa mai ɗaya suke sha, kuma a cikinsu akwai sassan tagulla da wasu mayukan giya masu yawan farar wuta ke ci a hankali.

Kafin tashin farko ana cire fulogogi, a juya injin da sitata har allura ta motsa, alamar mai ya isa ko'ina. Sannan a mayar da su a tayar. Idan allurar ba ta tashi ba cikin daƙiƙu kaɗan, a kashe nan take. Kusan haka tsarin yake a injin Perkins na Massey Ferguson 135, wadda ita ma daga Banner Lane ta fito, kuma ire-irenta har yanzu suna huɗa a gonaki da dama na Afirka, sai dai adadin awo da na ɗauri sun bambanta.