Talala Mai Lantarki: Yadda Amurka Ta Mayar Da Gida Kurkuku

A shekarar 1968 hukumomin jihar Iowa ta Amurka suka saki wani fursuna mai suna John Morrissey bisa sharaɗi, kafin wa'adinsa ya cika. Bayan wata bakwai aka sake kama shi. Abin da jami'in da ke kula da shi ya rubuta ya haɗa da cewa ya sayi mota da sunan ƙarya, ya tuƙa ta ba da izini ba, kuma bai bayyana inda yake zaune ba. Aka mayar da shi gidan yari ba tare da an ji ta bakinsa ba. Ƙararsa ta kai Kotun Ƙoli, wadda ta yanke a 1972 cewa ba za a janye sakin sharaɗi ba sai an saurari mutum. Sai dai hukuncin ya gyara hanyar mayarwa ce kawai. Zaɓin hukuma yana nan guda biyu: ko ta ja wa mai saɓa sharaɗi kunne ta ƙyale shi, ko ta mayar da shi ɗaki ta kulle.

Abin da ya haifar da zaɓi na uku cunkoso ne, tausayi bai taka wata rawa ba. A farkon shekarun 1970 fursunonin jihohi da na tarayya kimanin 200,000 ne. Zuwa 1985 sun haura 500,000, kotuna kuma suna ta umartar jihohi da su rage cikar gidajen yari. Duk gadon da aka ba wanda ya makara komawa gida, gado ne da aka hana ɗan fashi.

Na'urar da za ta cike wannan giɓi ta riga matsalar zuwa. Tun a shekarun 1960 wasu tagwaye, Ralph da Robert Schwitzgebel, suka haɗa ta a Jami'ar Harvard daga rarar kayan soja, suka gwada ta a kan samari masu tarihin laifi. Tunanin B. F. Skinner ne ya ja su, cewa lada ta fi horo gyara hali. Manufarsu ita ce a san lokacin da saurayi ya isa wurin aiki ko makaranta a kan kari, domin a saka masa da ɗan abin kyautatawa. Babu hukumar da ta karɓa.

Sai a 1983 wani alƙali a Albuquerque ta jihar New Mexico, Jack Love, ya farfaɗo da ita, kuma ba daga Harvard ya samo dabarar ba. A wani zanen barkwanci na Spider-Man ya ga mugu ya ɗaura wa jarumin munduwa domin ya riƙa bin sawunsa. Ya shawo kan wani mai sayar da kayan kwamfuta, Michael Goss, ya ƙera masa irinta. Ana ɗaura ta a idon sawu, tana aika sigina ga wani akwati da ke haɗe da wayar tarho ta gida. Mutum na yin nisa, akwatin zai kai rahoto. Kalmar Hausa ta ɗaurin talala ta fi sunayen Turanci kama ainihin abin: igiya ce mai tsawo, dabba na kiwo, amma turke na nan.

Daga nan abu ya yaɗu. Florida ta kafa shirin tsare mutane a gida a 1983, gwamnatin tarayya ta fara nata na hana fita da dare ga masu sakin sharaɗi a 1986. A takarda lissafin ya yi kyau: mutum na ci gaba da aikinsa, yana ciyar da iyalinsa, kuma a wurare da dama shi ke biyan kuɗin hayar na'urar kullum.

Amma na'urar da aka ƙirƙira domin ta ga abin kirki, a hannun hukuma sai ta zama mai ƙirga kurakurai. Jami'in da a da yake ganin mutum sau ɗaya a wata, yanzu rahoto na iske shi a kan jinkirin minti goma. Da fasahar GPS ta shigo a ƙarshen shekarun 1990, aka ƙara sabbin sharuɗɗa: kada a taka wannan unguwa, kada batir ya mutu. Mai aikin dare, da wanda motar haya ta yi wa latti, da wanda ba shi da wurin caji, duk suka sami sabbin ƙofofin komawa kurkuku. Masu bincike sun kuma lura cewa sau da yawa waɗanda ake ɗaura wa na'urar ba waɗanda za a kulle ba ne, mutane ne da a da gargaɗi kaɗai za a yi musu.

A California aka fi ganin iyakar tsohon tsarin. A shekarun 2000 fiye da rabin masu shiga gidajen yarinta masu saɓa sharaɗin saki ne. A 2011 Kotun Ƙoli ta tabbatar da umarnin rage fursunonin jihar zuwa kashi 137.5 cikin 100 na abin da gine-ginen za su ɗauka. A shekarar ce jihar ta yi dokar da ta hana mayar da akasarin masu saɓa sharaɗi gidan yarin jiha. Ta miƙa su ga gundumomi, ta ƙayyade tsarewarsu kada ta wuce kwana 180, ta kuma ba gundumomin damar su bar wasu a gida da munduwa a ƙafa idan nasu ɗakunan sun cika.