Katin Honus Wagner: Tsada da Gaskiya

Tsakanin 1909 da 1911, kamfanin American Tobacco na Amurka ya riƙa saka katunan hotunan 'yan wasan besbol cikin kwalayen sigari domin jawo masu saye. Honus Wagner, gwanin ƙungiyar Pittsburgh Pirates, bai amince ba, sai aka daina buga nasa. Ƙarancin nan shi ya mai da 'yar takarda dukiya, har aka sayi guda ɗaya dala 451,000 a 1991. Amma a 2013 dillali Bill Mastro ya amsa a gaban kotu cewa ya datse gefunan wannan kati don ya yi kamar sabo. Abin lura ga ɗalibin tarihi shi ne, tsadar abu ba ta zama shaidar ingancinsa; wajibi ne a bi salsalarsa, hannu bayan hannu.