Daga Sandar Tagulla zuwa Katin Shaida: Alamar Ɗan Sanda a Landan

Masu farautar ɓarayi da alƙali Henry Fielding ya tara a kotun Bow Street ta Landan wajen shekarar 1749 ba su da kayan sarki, saboda haka abin da suke nunawa idan sun zo kama mutum shi ne wata gajeriyar sanda mai kambin sarauta na tagulla a kanta, wadda a wasu lokutan akan kwance kambin a cusa takardar sammaci a cikinta.

Da Robert Peel, ministan cikin gida, ya kafa rundunar 'yan sandan birnin a 1829, babbar matsalarsa ita ce tsoron da mutanen Ingila suke yi wa 'yan leƙen asiri irin na Faransa, waɗanda ke shiga cikin jama'a ba a san su ba. Don kawar da wannan zargi aka sanya wa jami'an shuɗiyar riga da doguwar hula, aka liƙa harafin shiyyarsu da lambarsu a wuyan riga, yadda duk wanda aka zalunta zai iya kai ƙara ko da bai san sunan jami'in ba. An kuma tilasta musu sanya kayan ko ba sa bakin aiki, sai dai mai aiki yakan ɗaura wani ƙyalle mai ratsi a hannun riga. Kowane jami'i yana da lambar ɗauka aiki a rajistar runduna, kuma abin dariya shi ne mai lamba ta ɗaya, William Atkinson, an kore shi a ranar farko saboda maye.

Tsoron bai kasance na banza ba, domin a 1833 aka gano Saje William Popay ya kutsa cikin wata ƙungiyar siyasa da farin kaya, har majalisa ta kafa kwamitin bincike. Duk da haka a 1842 aka buɗe sashen masu bincike da mutum 8, waɗanda aikinsu ba ya yiwuwa da kayan sarki, kuma su ne suka ci gaba da yawo da 'yar sandar nan a aljihu, har zuwa ƙarshen ƙarni na 19 da kati ya maye gurbinta. Katin na yau yana ɗauke da hoto da suna da muƙami da lamba, kuma ya bambanta da na ma'aikatan ofis na runduna, waɗanda ba su yi rantsuwar da ke bai wa ɗan sanda ikonsa ba. Wata doka ta 1984 ta wajabta wa jami'in da ba ya cikin kayan sarki ya nuna shaidarsa kafin ya caje mutum.

Raunin katin shi ne yana tabbatar da cewa an ɗauki mutum aiki, ba ya tabbatar da cewa aikin ne ya kawo shi. Wannan ya fito fili a watan Maris na 2021, lokacin da wani jami'in rundunar ya nuna wa wata mata katinsa na gaskiya, ya sa mata ankwa da sunan kamu, sannan ya kashe ta. Bayan an yanke masa ɗaurin rai da rai, rundunar ta ba da umarnin cewa jami'in farin kaya da ya tsayar da mace shi kaɗai ya kira ofis ta bidiyo, domin wani saje mai kayan sarki ya tabbatar mata da ko wane ne shi da dalilin tsayar da ita.