Kalmomin kwamfuta biyar kafin ka zauna JAMB

Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, amma ƙannenmu da yawa a Sabon Garin Keffi waya kawai suka iya latsawa. Ga abin da nake koya musu:

Sikirin: fuskar kwamfuta, inda tambaya ke fitowa.

Maus: linzami ne, shi ke jan 'yar kibiyar da ke kan sikirin.

Kilik: danna maɓallin hagu na maus sau ɗaya.

Kibod: allon haruffa. A, B, C, D na zaɓen amsa ne, N tambaya ta gaba, P ta baya.

Sabmit: miƙa amsoshi. Kamar ciniki ne a kara, in ka sallama, shi ke nan. Kada ka taɓa S sai ka gama.