Waɗanda Aka Hana Fita: Yahudawan Tarayyar Sobiyet

Sashe na 13 na Sanarwar 'Yancin Ɗan Adam ta 1948 ya tabbatar wa kowane mutum 'yancin barin kowace ƙasa, har da tasa. Ƙidayar 1970 ta nuna Yahudawa fiye da miliyan 2 a Tarayyar Sobiyet, kuma a kansu ne za mu ga yadda gwamnati ke tauye wannan 'yanci ba tare da ta soke shi a takarda ba.

Ba a hana Bayahude neman izinin fita ba. Neman ne aka mayar masa tarko. Sai ya kawo takardar gayyata daga dangi a Isra'ila, da amincewar iyayensa, da takardar shaida daga wurin aikinsa. Da zarar shugabanninsa sun ji, sau da yawa aikin ya tafi ke nan. Bayan watanni amsa ta zo: an ƙi, wai ya san asirin ƙasa. Ga shi ba aiki, a ƙasar da zaman banza laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. Injiniyoyi da masana kimiyya suka koma gadi da shara, wasu har fiye da shekara goma. A 1972 aka ƙara harajin ilimi: mai digiri sai ya biya kuɗin karatunsa kafin ya tafi.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne yadda aka mayar da mutane hajar ciniki. A 1974 majalisar Amurka ta ɗaure sassaucin kasuwanci da 'yancin fita. A 1979, lokacin da Mosko ke neman shiri da Amurka, kimanin mutum 51,000 suka fita. A 1984, da dangantaka ta yi tsami, ba su kai 1,000 ba.

Masu fafutuka a waje sun ɗauki takensu daga saƙon Musa ga Fir'auna a Fitowa 5:1, suka riƙa kiran fursunoni da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Mafi shahara shi ne Natan Sharanski, wanda aka yanke wa shekara 13 a 1978 bisa zargin cin amanar ƙasa da leƙen asiri. Da za a sake shi a 1986, ya kwanta cikin dusar ƙanƙara, ya ƙi tafiya sai an mayar masa da ɗan littafinsa na Zabura.

Kada mu ɗauka wannan labarin wasu ne can. Ƙofar da aka rufe wa Yahudawa ita aka rufe wa 'yan'uwanmu: a 1978 Kiristoci bakwai 'yan Fentikos daga Saiberiya suka fake a ofishin jakadancin Amurka da ke Mosko, suka zauna a ciki kusan shekara biyar, sai a 1983 aka bar su suka fita.