Malam Burawun: Tunawa da Barry Evans

Kwana biyu kun ji ni shiru, ba komai ya jawo ba illa hidimar kasuwa, don tun da wake ya fara saukowa daga Arewa ba na samun zama sai dare ya raba. Yau labarin wani Bature na zo muku da shi, wanda ya mutu tun ba a haife ni ba, amma na tashi da muryarsa a kunnena kamar ta wani kawuna.

Sunansa Barry Evans. In ka faɗi haka a Sabo ta Ibadan inda aka haife ni, da wuya ka sami wanda zai gane. Amma ce wa dattawanmu "Malam Burawun na Mind Your Language" ka gani, kafin ka rufe baki wani ya fara dariya. Mahaifina ya zo garin nan yana saurayi, yaron shago, ba Yarabanci ba Turanci, ya ce ko ruwa zai saya sai da nuni. A zauren maigidansu akwai talabijin baƙi da fari, kuma duk ranar da za a nuna wasan, yaran shago kan cika zauren har ƙofa. Ya ce rabin abin da ake faɗi ba sa ji, amma da ma wasan a kan mutanen da ba sa ji ne, don haka ba abin da ya wuce su. Da ya yi iyali sai ya sayo faifan wasan wajen masu tura baro, shi muka yi ta kallo har ya karce.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan a kan wani ajin dare ne a Landan, inda wani matashin malami mai suna Jeremy Brown ke koya wa baƙi Turanci. Akwai Ali Nadim mutumin Pakistan, wanda in zai ce a gafarce shi sai ya faɗi kalmar da ke nufin a matse shi. Akwai abokin faɗansa Ranjeet Singh, Basikhe mai rawani, wanda kullum cikin neman gafara dubu yake. Ga Giovanni ɗan Italiya da Max ɗan Girka suna kokawar samun kujera kusa da Danielle Bafaranshiya. Ga Su-Lee 'yar Sin da ɗan jan littafin Shugaba Mao, ga Jamila tana saƙa a bayan aji ba ruwanta da kowa. Shi kuwa Taro na Japan kowace kalma sai ya liƙa mata "o" a ƙarshe, abin da ya sa Baba ke cewa wannan ai ɗan Ibadan ne, fuska kawai ya canza. A samansu duka ga shugabar makaranta Miss Courtney, wadda ba ta dariya, kuma shi kansa malamin tsoronta yake ji.

Kamfanin London Weekend Television ne ya shirya wasan, wani marubuci Vince Powell ya rubuta, aka fara nuna shi a tashar ITV ranar 30 ga Disamba 1977. A lokacin da yake tashe, kusan mutum miliyan 18 ke kallonsa a Birtaniya kaɗai. Daga can ya watsu zuwa Indiya da Pakistan da Sirilanka da Malesiya da Kenya da nan Nijeriya, har wasu ƙasashen suka yi irin nasu. Indiyawa sun yi Zabaan Sambhalke, Amurkawa sun yi What a Country!, mu ma nan an yi Second Chance.

Duk shekarun nan ban taɓa tambayar kaina wane ne mutumin da ke tsaye gaban allon ba. Ɗaliban muke kwaikwayo, su ne masu abin dariya. Sai wani dare da aka ɗauke wuta, ina kwance ina latsa waya, na ce bari in ga ko Malam Burawun yana raye, in nuna wa Baba hotonsa da furfura. Mai karatu, ban sami hoton furfurar ba.

An haifi Barry Evans ranar 18 ga Yuni 1943 a garin Guildford da ke kudancin Ingila, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Bai tashi a hannun iyayensa ba, a gidajen marayu na wata ƙungiya mai suna Shaftesbury Homes ya girma, can ya yi karatu. Tun yana yaro aka ga yana da baiwar wasan kwaikwayo, har ya ci tallafin karatu mai ɗauke da sunan shahararren ɗan wasan nan John Gielgud, ya shiga Central School of Speech and Drama a Landan. Ka ga yaron da ba shi da kowa, ba gado ba dangi, ya kai kansa inda 'ya'yan masu hali ke neman shiga.

Fim ɗin da ya fito da shi shi ne Here We Go Round the Mulberry Bush a 1968, inda ya fito a matsayin ɗan makaranta alhali ya doshi shekara 25. Daga nan sai wasan talabijin na Doctor in the House a 1969, ya fito a Michael Upton, ɗalibin likita mai kunya, ya ci gaba da wannan rawar a Doctor at Large a 1971, sannan ya bari. A 1976 ya yi wani fim na barkwanci mai ɗan batsa, Adventures of a Taxi Driver, inda ya fito a direban tasi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da na koma na sake kallon Mind Your Language bayan na san tarihin nan, sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Aikinsa ya fi na kowa wuya. Ɗalibai kowa na da kalmarsa guda da zai maimaita a yi dariya. Shi kuwa ba a ba shi ko ɗaya ba, nasa shi ne ya saurara, ya yi shiru na ɗan lokaci, ya rufe ido, ya dafe goshi, sannan ya sake bayani daga farko. In ba don wannan shirun ba, dariyar ba za ta fito ba. Kuma duk yadda suka ɓata masa rai ba za ka ga ƙyama a fuskarsa ba. Mu da muka yi makarantar gwamnati mun san yadda fuskar malami ke komawa in ka yi kuskuren Turanci da bakin Bahaushe, mun san dariyar da aji ke yi in ka mayar da "p" ta zama "f". Ina ganin abin da ya kama zuciyar su Baba ke nan: ga ɗan gari, mai harshen, amma ba ya wulaƙanta baƙo. Akwai ma wani kashi inda ya bayyana cewa shi kansa Jeremy Brown a ƙofar gidan marayu aka ajiye shi yana jariri, har ya ɗauka Sid mai kula da makarantar shi ne ubansa. Da muna yara dariya muka sha. Yanzu in na kalla, sai in riƙa kallon fuskar Evans ina tunanin abin da ke ransa yana faɗin waɗannan kalmomi.

To sai batun da ba zan tsallake ba. A ƙarshen 1979, bayan zango uku da kashi 29, aka dakatar da wasan alhali jama'a na kallo. Michael Grade, ɗaya daga cikin manyan kamfanin a lokacin, shi ya yanke hukuncin, don a ganinsa wasan na mayar da baƙi abin ba'a, kowace ƙabila an ɗaura mata hali guda an ce haka take. Ku tuna a shekarun nan 'yan Asiya da baƙaƙen fata na shan duka da zagi a titunan Ingila, ƙungiyar National Front mai ƙin baƙi na yin maci a unguwanninsu.

Da farko haushin mutumin na ji. Na ce ina ruwan biri da gada, mu baƙin ba mu yi ƙorafi ba, kai ne za ka yi mana? Amma da na kwana na tashi sai na tuna yadda nake ji in na ga fim ɗin Kudu an sa Bahaushe. Kullum maigadi ne da rediyo a kunne, ba ya gane komai, ana ce masa "aboki" kamar ba a raɗa masa suna ba. Mahaifina na sauke tirelar wake, yana lissafin miliyoyi da ka, yana jin yare uku, amma a akwatin talabijin maigadi ne. Kuma kada mu wanke kanmu, don mu ma a finafinanmu na Kano in an sa Inyamuri ko Bagware ai mun san yadda ake sa shi ya yi magana. Mu Hausawa muna da wasan tsakanin ƙabilu, Bafillace da Babarbare, Bakano da Bazazzage, amma sharaɗinsa shi ne in ka tsokane ni in rama. A wancan wasan alƙalamin na hannun ɗan gari ne, baƙin ba su da damar rubuta nasu.

Duk da haka ba zan ce Grade ya yi daidai ɗari bisa ɗari ba. A kashi na biyu na wasan an ce wa Brown wani sabon ɗalibi ɗan Afirka zai zo. Sai ga baƙin mutum ya shigo, Brown ya zaunar da shi a benci yana masa magana a hankali kamar yaro, har yana kushe masu duba makarantu a gabansa. Ashe mutumin shi ne sufeton da aka turo ya duba aikinsa. Wani ɗan wasa mutumin Gana, Gyearbuor Asante, shi ya fito a sufeton. A nan wa aka yi wa dariya? Baba ya fi son wannan kashi a kan duk sauran. Kuma a wancan zamani wasanni nawa ne a Ingila suka ba 'yan wasa baƙi har goma aiki a lokaci guda? Albert Moses, wanda ya fito a Ranjeet, mutumin Sirilanka ne, kuma yana cikin waɗanda suka tsaya aka farfaɗo da wasan tsakanin 1985 da 1986, aka ƙara kashi 13. Sai dai armashi ya riga ya tafi, don Dino Shafeek mai fitowa a Ali ya rasu tun 1984, haka ma Tommy Godfrey mai fitowa a Sid.

Daga nan al'amuran Evans suka yi ta ja da baya. Fuskar yarintar da ta ɗaga shi ita ta zame masa ƙarfen ƙafa: ya wuce shekarun fitowa a saurayi, kuma ba wanda ke ganinsa a matsayin dattijo. Fitowarsa ta ƙarshe a fim ita ce wata 'yar ƙaramar rawa a The Mystery of Edwin Drood a 1993. Ya koma wani ƙauye mai suna Claybrooke Magna a yankin Leicestershire, yana zaune shi kaɗai, yana tuƙa tasi don ya ci abinci. Mutumin da ya yi wasan direban tasi a 1976, ga shi ya zama na gaske. Ni ban ga aibu a tuƙin tasi ba, sana'a ce, ɗan kasuwa ba ya raina nema. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne a daidai shekarun nan, a Legas da Lahore da Nairobi, ana can ana kallonsa ana dariya.

A watan Fabrairun 1997 'yan sanda suka je gidansa a kan maganar motarsa da aka sace, sai suka tarar da gawarsa. Shekararsa 53. Bincike ya nuna akwai barasa mai yawan gaske a jininsa. An kama wani matashi ɗan shekara 18, daga baya aka janye tuhumar saboda rashin isasshiyar shaida, shi kuma mai binciken musabbabin mutuwa ya bar hukuncin a buɗe, wato bai ce kisa ne ko haɗari ko kashe kai ba. An ƙone gawarsa a Golders Green da ke Landan, kamar yadda da yawansu ke yi.

Washegari a rumfa, bayan mun sallami motar farko, na ba Baba labarin duka. Ya yi shiru yana juya mudu a hannu. Can ya ce, "Yanzu kai yaro, duk ɗaliban nan nasa, ba wanda ke leƙa shi?" Na ce Baba ai wasa ne, ba ɗalibansa ba ne na gaske. Ya ce ya sani. Ya ce shi dai da ya sauka a Sabo ba shi da ko tabarma, amma bai kwana a waje ba, kuma ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi bai wuce azahar ba aka zo ana buga masa ƙofa. Sai wata mata ta tsaya tana taya wake da Yarabanci, ya juya ya amsa mata da Yarabancinsa mai ƙamshin Hausa, wanda har yau in ya yi sai sun yi murmushi.

Da dare ya ce in nemo masa kashin sufeton nan a waya. Na nemo, na jingina wayar da buta, muka kalla mu biyu a tsakar gida.