Tarihin Gwajin Dayoksin a Abinci da Ƙwayoyin Halitta Masu Rai

Dayoksin guba ce da ke fitowa idan an ƙona shara, leda, wayoyin lantarki da makamantansu, ko a wasu masana'antu. Ba ta ruɓewa da wuri. Takan taru a kitsen dabbobi, daga nan ta shiga nama, nono, ƙwai da kifi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 90 cikin 100 na dayoksin da ke shiga jikin mutum ta abinci take bi.

Duniya ta farga da ita sosai a 1976, lokacin da hatsarin wata masana'anta a Seveso ta Italiya ya watsa ta kan gonaki da gidaje. A shekarar ne kuma Alan Poland da abokan aikinsa a Amurka suka gano furotin ɗin da gubar ke maƙalewa a cikin ƙwayar halitta, wanda ake kira AhR. Daga nan dabara ta zo wa masana: tunda ƙwayar halitta na gane gubar, a sa ta ta tona mata asiri. A 1979 masanan hukumar FDA ta Amurka suka gwada hakan da ƙwayoyin hantar ɓera da ake reno a ɗakin gwaji.

A tsakiyar shekarun 1990 aka ƙirƙiro gwajin CALUX, bisa aikin Michael Denison a Amurka da Abraham Brouwer a Jami'ar Wageningen ta Holan. Sun dasa wa ƙwayoyin hantar ƙwayar gadon ƙwaron nan mai walƙiya da dare. Ana tatso kitse daga ƙwai ko nama, a tace shi, a ɗiga wa ƙwayoyin a faranti mai ƙananan ramuka 96. In akwai guba, sai su ba da haske; gwargwadon gubar, gwargwadon hasken.

Amfaninsa ya fito fili a 1999, sa'ad da gurɓataccen mai ya shiga abincin kaji a Beljiyam. Aka kwashe kaji da ƙwai daga kantuna, ministoci 2 suka ajiye aiki, samfura suka yi wa manyan na'urorin gwaji yawa. A 2002 Tarayyar Turai ta amince a riƙa tantancewa da irin wannan gwaji, a kai wa na'ura mai tsada samfurin da aka yi zargi kaɗai, domin ita ce ke faɗin ainihin sinadarin.

A 2019 ƙungiyoyin IPEN da Basel Action Network suka binciki ƙwan kajin da ke kiwo a Agbogbloshie ta Accra, inda a lokacin ake ƙona wayoyi don ciro tagulla. Gubar da ke cikin ƙwai ɗaya tak ta ninka iyakar da Turai ta yarda mutum ya ci a yini sau 220.

Irin wannan haɗari na iya shafar Sakkwato, domin gari ne na dabbobi, nono da kilishi, kuma kajin gida na tonon abinci a bakin bola, inda ake yawan cinna wa shara wuta. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Stockholm kan irin waɗannan gubobi a 2004, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuma tana da tsangayar likitancin dabbobi. Ya kamata NAFDAC da jami'ar su haɗa kai su kafa wannan gwaji, su fara da ƙwan gida da gandar da ake babbakawa da taya.